Motar otomatik a cikin cunkoso: ina za a bar bitas, ina za a bar ƙafa?

Jama'a masu karatu, duk wanda ya san birnin Tawa shekaru ashirin da suka wuce, ya kuma dube shi a yau, zai shaida cewa motoci sun yawaita, kuma irinsu ya sake. A da Fijo 504 da Landiroba da Hiyas su ne sarakunan hanya daga Ƙonni har Abalak. Yanzu kuwa, musamman tun bayan bikin Tahoua Sakola na ranar 18 ga watan Disamba na shekarar 2017 da ya kawo wa garin sababbin tituna, sai ka ga ma'aikata da ƴan kasuwa da ƴan cin ranin Adar da Allah ya buɗa wa a Abijan ko Libiya suna shigo da Corolla da Camry da RAV4 da manyan Land Cruiser. Da yawa daga cikin motocin nan matakai biyu kawai gare su a ƙasa, wato birki da totur. Babu ambiriyaj, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke cewa kuloci. Su ne ake kira otomatik.

To amma yawancin direbobinmu da mota mai ambiriyaj suka koyi tuƙi, da ita suka ci farmi, kuma hannu da ƙafa ba su saurin manta abin da suka saba. Shi ya sa a majalisu da tashoshi ake ta gardama a kan tambaya guda: idan cunkoso ya tsayar da kai, a D za ka bar mota, ko ka maida ta N, ko kuwa ka kai ta P? Wani ya ce barin ta a D yana ƙona buwat, wato akwatin bitas. Wani ya ce yawan motsa sandar ne ke kashe ta. Mun ga ya dace mu warware wannan magana, domin bayan kuɗin gyara akwai abin da ya fi shi tsada, shi ne ran ɗan kabu-kabu da ke tsaye gabanka, da yarinya mai talla da ke ratsawa tsakanin motoci.

Abin da ke faruwa a cikin buwat

Motar otomatik ba baƙuwa ba ce a duniya. Kamfanin General Motors na Amurka ya fara sayar da ita ga jama'a a cikin motocin Oldsmobile na shekarar 1940, da sunan Hydra-Matic. A irin wadda ta fi yawa a wajenmu, babu ƙarfen da ya haɗa inji da ƙafafun mota kai tsaye lokacin da take tsaye. Mai ne ke haɗa su. Mai karatu ya ɗauko fanka biyu ya sa su suna fuskantar juna, ya kunna guda: iskar ta farko za ta juya ta biyu. Idan ka riƙe ta biyu da hannu, ta farko za ta ci gaba da juyawa ba tare da komai ya karye ba. Haka abin yake a cikin buwat, sai dai a maimakon iska, man buwat ne ke tura ɗayan ɓangaren.

Wannan shi ya sa mota ba ta mutuwa idan ka taka birki tana D. Kuma shi ya sa da zarar ka ɗaga ƙafa daga birki take fara rarrafe da kanta, ko ba ka taɓa totur ba. Masu ƙera ta sun tsara ta ne a kan ta tsaya a D da birki sau ɗaruruwa a yini. Ɗan zafin da man ke ɗauka a irin wannan tsayawa, radiyata na sanyaya shi. Saboda haka maganar cewa tsayawar minti guda a D tana ƙona buwat ba ta da tushe.

N kuwa ita ce firi, inda inji ke juyawa ba tare da ya tura ƙafafu ba. Mota a N ba ta rarrafe, amma babu abin da ya riƙe ta, ko ɗan gangare ne sai ta bi shi. Duk sanda aka maida sanda daga N zuwa D, wasu faifai ne ke kamawa a ciki, shi ne ɗan girgizan nan da ake ji. Yin haka da inji a kwance ba ya ɓata komai nan take. Abin da ke ɓatawa shi ne a ba ta wuta tana N, sa'an nan a jefa ta D don a riga na gefe tashi.

Ita kuma P, ɗan haƙorin ƙarfe ne da bai fi yatsa girma ba, yake faɗawa cikin wani faifai mai haƙora ya kulle buwat. Ba birki ba ne, makulli ne. Wanda ya fahimci waɗannan abubuwa uku, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi.

Tsayawa iri uku ce

Ta farko ita ce gajera, wadda ba ta wuce minti guda ko makamancin haka ba: ɗan sanda ya ɗaga hannu a mahaɗar hanya, garken shanu na ƙetarawa, amalanken jaki ya tare gaba, ko adaidaita ta tsaya sauke fasinja. A nan a bar sanda a D, ƙafar dama ta danne birki sosai, hannu ya bar sanda ta huta. Ribar mai da ake tsammani daga maida ta N a cikin ƴan daƙiƙu ba ta taka kara ta karya ba. Ga kuma haɗarin mantuwa: hanya ta buɗe, na baya na ta oda, direba ya taka totur mota na N, inji ya yi kuka, cikin ruɗewa ya ja sanda zuwa D, mota ta yi tsalle. Sau da yawa abin da ke gabanta babur ne.

Kada kuma a kai ta P a irin wannan wuri. A yawancin motoci, kafin sanda ta kai P daga D sai ta ratsa ta R, fitilar baya ta haska, wanda ke bayanka ya zaci baya za ka yi. In kuma aka yi rashin sa'a wani ya buge ka ta baya kana P, ƙarfin bugun na iya sauka a kan ɗan haƙorin nan, gyaran da zai tsaya ga mai walda ya koma na buɗe buwat.

Ta biyu ita ce ta ƴan mintuna, kamar cunkoson ranar Lahadi a kewayen babbar kasuwa, ko layin motoci a shingen jandarma da na duwan. Idan ka ga tafiya ba yanzu ba ce, ƙafa kuma ta fara gajiya, sai ka maida sanda N, ka ja birkin hannu. Su biyun tare suke tafiya, N ba tare da birkin hannu ba ganganci ne. Amma akwai lokacin da ko tsayawar gajera ce P ta fi: duk sanda jikinka zai bar mazauninsa. Za ka miƙa hannu ta taga ka biya kuɗin hanya a kan titin Tsarnawa, za ka sunkuya neman takardun mota, za ka juya baya ka karɓi yaro, za ka lalubi canji a aljihun babbar riga. Idan jiki ya karkata, ƙafa na sassautawa ba tare da mai ita ya sani ba, mota kuma ba ta jiran izni.

Ta uku ita ce doguwa. Ba mu manta da ƙarancin man da aka yi a ƙasar nan a watan Maris na shekarar 2025 ba, lokacin da motoci da babura suka yi ta dogon layi a gidajen mai. Haka nan da damina, matafiyi zuwa Kaita ko Buza yakan tarar da korama ta kawo, dole ya jira ruwa ya janye. A irin wannan zama, a ja birkin hannu, a sa P, a kashe inji. Ƙaramar mota da aka bari tana aiki a tsaye tana shan abin da ya kama daga rabin lita zuwa lita guda a awa, babba ta fi haka, in aka kunna kilim kuma abin ya ƙaru. A watan Yuli na shekarar 2024 gwamnati ta sauko da kuɗin litar isansi zuwa sefa 499, wato dala ɗari ke nan babu tamma guda. Ko a wannan farashi, wanda ke ƙona lita guda kullum a tsaye ya zubar da kusan jika 15 a wata, bai je ko'ina ba.

Sai dai a tuna, motar otomatik ba ta tashi da turi. Wanda ya saba in batir ya yi sanyi ya kira yara su tura, ya saki ambiriyaj a bitas na biyu, to ya sani nan babu wannan dabara. Mai raunin batir ya sake shi tun kafin ya tsaya masa a tsakiyar layi.

Ƙafa ɗaya ke aiki

Babbar doka a motar otomatik ita ce ƙafar hagu ba ta da aiki. Akwai wurin da aka yi mata a gefe, a ajiye ta can. Wanda ya fito daga mota mai ambiriyaj, idan zai tsaya, ƙafarsa ta hagu takan tafi neman abin da ta saba dannewa har ƙasa, sai ta samu birki, wanda a otomatik faɗi gare shi. Mota ta ƙame wuri guda, na baya ya shigo. Wasu kuma sukan raba aiki, hagu a birki, dama a totur. Ranar da aka firgita, duka biyun ake takawa, ga kuma fitilar birki da ke kunne kullum har na baya ya kasa gane lokacin da za a tsaya da gaske.

Kuskuren taka totur a maimakon birki ya fi faruwa ne a inda mota ke tafiyar rarrafe, wato cikin cunkoso, ƙofar gida, bakin shago da harabar masallaci. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta a shekarar 2015 cewa ana yin haɗari kusan 16,000 kowace shekara a ƙasar saboda wannan kuskure. A birnin Tokyo na Japan, a watan Afrilu na shekarar 2019, wani dattijo mai shekaru 87 ya afka cikin masu ƙetara titi, wata mata da ƴarta mai shekaru 3 suka rasu. Ya dage cewa motar ce ta lalace, amma a shekarar 2021 kotu ta tabbatar da cewa totur ya taka, ta ɗaure shi shekaru 5. A mota mai ambiriyaj, sau da yawa irin wannan ruɗewa takan ƙare da inji ya mutu. Otomatik ba ta mutuwa, abin da ƙafa ta ce shi take yi.

Maganin abin shi ne sabo. A cikin cunkoso, a bar mota ta yi rarrafenta, ƙafa tana bisa birki tana sassautawa tana dannewa, ba sai an taɓa totur ba. A kuma duba abin da ke ƙarƙashin ƙafa. Silifa mai zamewa, gorar ruwa da ta gangaro, bakin riga, da shimfiɗar roba da ake ɗorawa bisa wata saboda ƙura, duk suna iya shiga tsakanin ƙafa da birki ko su maƙale totur. A shekarar 2009 kamfanin Toyota ya nemi a maido masa motoci fiye da miliyan 3 a Amurka saboda shimfiɗar ƙasa da ke iya danne totur. Wayar salula ma na cikin lissafi, domin wanda idonsa ke kan waya ba ya lura motarsa ta fara tafiya.

Sai maganar tazara. Idan ka tsaya bayan wata mota, ka tsaya inda kake hango tayoyinta na baya suna taɓa ƙasa. Bayan kamiyo kuwa a ninka haka. Titin Tawa zuwa Arlit, da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 saboda ma'adinin uraniyom, manyan motoci ne ke bin sa dare da rana, kuma kamiyo mai kaya idan zai tashi a hawa yakan ɗan komo baya.

Kada a fita sai an ga P

Mu mutanen Adar ba mu wuce babba ba mu gaishe shi ba, kuma wannan abin yabo ne. Amma sau nawa muke ganin mutum ya hango surukinsa ko malaminsa a bakin hanya, ya buɗe ƙofa ya diro, inji na aiki? A motar hannu ya san ya sa firi. A otomatik, in sanda na D, fitarsa ke da wuya mota ta kama hanya. Wannan ba ƙauyanci ba ne, har a ƙasashen da aka ƙera motocin yana kashe mutane. A watan Yuni na shekarar 2016, ɗan wasan fim ɗin Amurka Anton Yelchin, mai shekaru 27, ya rasu a ƙofar gidansa a Los Angeles, bayan motarsa Jeep Grand Cherokee ta gangaro ta matse shi da ginshiƙi. Wata biyu kafin haka kamfanin Fiat Chrysler ya sanar da kiran motoci kusan miliyan 1.1 don gyara, saboda sandar bitas ɗinsu na sa direba ya zaci ya sa P alhali bai sa ba. Don haka kada a dogara da jin hannu, a dubi harafin da ke haske a gaban sitiyari.

Kada kuma a bar yara cikin mota inji na aiki. Tun daga watan Satumba na shekarar 2010 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su kasance ba a iya fitar da sanda daga P sai an taka birki. To amma motocinmu da yawa sun girmi wannan doka, wasu kuma makullin ya lalace an cire shi. Ban da haka ma, zafin da ke taruwa cikin rufaffiyar mota a garin nan ya isa ya halaka yaro.

Zafin Tawa da duwatsun Adar

A watannin Afrilu da Mayu zafi a Tawa yakan haura digiri 40, kuma babban abokin gabar buwat shi ne zafi. Motar da ke tsaye ba ta samun iskar tafiya, fankar radiyata kaɗai ke sanyaya ruwa, ruwan kuma shi ke sanyaya man buwat a yawancin motoci. In fanka ta mutu, ko ƙura da ciyawa sun toshe radiyata, to inji da buwat tare za su dahu. Mai tsayawa a cunkoso ya riƙa kai ido ga allurar zafi.

A hawa, kamar waɗanda ke kan hanyoyin Kaita da Buza, wasu kan riƙe mota da totur don kada ta koma baya. Wannan shi ne ainihin abin da ke ƙona man buwat, domin inji na turawa da ƙarfi, ƙafafu ba su juyawa, duk ƙarfin na komawa zafi. A riƙe ta da birki, in za a tashi a taimaka da birkin hannu. In kuwa ajiye ta za a yi a gangare, a bi tsari: ƙafa a birki, a ja birkin hannu, a bari nauyi ya zauna a kansa, sa'an nan a sa P. Wanda ya fara sa P ya saki birki, nauyin motar duka ya rataya a ɗan haƙorin nan, shi ne ƙarar da ake ji idan za a fitar da sanda.

A gangare kuma, kada a sa N da sunan tsimin mai. Motocin zamani da kansu suke rage mai ko su yanke shi idan suna gangarawa cikin bitas ba a taka totur ba. A N kuwa inji ya daina riƙe mota, birki kaɗai ke aiki har ya yi zafi ya daina kamawa. Harafin L da lamba 2 da ke ƙasan D saboda irin wannan wuri aka yi su. Masu nufar Cintabaradan da sauran garuruwan arewa su ma su kula: idan mota ta kafe a yashi, yawan jefa ta daga D zuwa R da wuta yana dafa mai cikin ƴan mintuna. A motocin Toyota masu shiga daji akwai fitila mai rubutun A/T OIL TEMP. In ta kama, a tsaya, a sa P, a bar inji na aiki a kwance har ta mutu, domin juyawar inji ce ke zagaya da man ya huce.

A sani kuma ba duk otomatik ce iri ɗaya ba. Akwai masu ambiriyaj biyu a ɓoye da kwamfuta ke sarrafawa, irin DSG ta Volkswagen da Powershift ta Ford. Su ba su son dogon rarrafe da rabin birki, domin faifansu na gogawa ya yi zafi. A irinsu, a danne birki sosai, a bari tazara ta buɗe, sa'an nan a matsa gaba sau guda. Akwai kuma CVT da ke cikin Nissan da yawa da sababbin Corolla, wadda manta daban ne. Mai saye ya tambayi irin buwat ɗin da ke cikin motarsa, kuma kada ya yarda a zuba mata kowane jan mai da aka samu a bakin hanya. A yawancin motoci lafiyayyen man buwat ja ne garau. In ya yi baƙi yana ƙauri, ya ƙone. In ya koma kamar an zuba masa madara bayan an ƙetare korama, ruwa ya shiga, a nemi makanike tun kafin a ci gaba da tafiya.

Kiranmu

Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a shekarar 2023, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kayan gyaran mota ba su ƙara sauƙi ba, ballantana buwat sukutum. Rigakafi ya fi magani. Muna kira ga makarantun koyon tuƙi da su ware ko da darasi guda a kan otomatik, domin ɗalibin da ya ci farmi da motar hannu, gobe otomatik zai tarar a gida. Dillalan motoci kada su miƙa makulli su juya, su zauna da mai saye su nuna masa abin da kowane harafi ke nufi. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi su riƙa tunatarwa a tasha. Magidanta kuma, kafin a ba uwargida ko yaro ko sabon direba mota, a fita da shi fili inda babu jama'a, ya tsaya ya tashi har ƙafarsa ta dama ta san gidan birki ba tare da ya duba ba.

Ku kuma ƴan kabu-kabu da masu talla, ku rage kutsawa dab da hancin motar da ke tsaye, domin ba ku san inda ƙafar mai ita take ba. Allah ya kiyaye mu da tsautsayi, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.